Akwatin Kayan Aiki da Ke Ɓoye Cikin Burauza

Ko wane ɗalibi na wannan kwaleji, da ko wane ma'aikaci, tun daga ofishin Firinsipal har zuwa sito, ba ya rasa buɗe shafin intanet sau da yawa a mako. Da shi a ke biyan kuɗin makaranta, da shi a ke yin rajista, da shi a ke duba sakamakon jarrabawa, da shi kuma akawu ya ke aika rahoto hedkwata. Amma galibinmu saninmu da shafin bai wuce fuskarsa ba. In ya buɗe, madalla. In ya ƙi, sai mu naɗe hannu mu zauna jiran injiniya, ko da zai kwana uku bai zo ba.

Nufina a nan shi ne in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu ma'aikata, cewa cikin ko wace burauza ta kwamfuta akwai wani akwatin kayan aiki. Burauza ita ce manhajar da mu ke buɗe shafi da ita, watau irin su Chrome, Firefox, Edge da Safari. Akwatin nan kyauta ne, ba a sayensa, ba a kuma sauko da shi daga ko ina, gama tare da burauzar ya zo. Domin magina shafi aka yi shi, amma ina so in kafa hujja cewa malami, da akawu, da ma'aji, da mai kula da laburare duk suna da rabo a cikinsa.

Ku dubi direban babbar mota. Ba makanike ba ne, ba kuwa wanda ya ke sa ran ya sauke inji ya ɗaure. Duk da haka ba a kiransa direban kirki sai ya iya buɗe bonet, ya duba mai, ya duba ruwa, ya gane ko batir ne ya mutu ko fetur ne ya ƙare. In mota ta tsaya masa a daji, saƙon da zai aika gari shi zai sa makanike ya taho da kayan da ya dace. Wanda ya aika cewa "mota ta lalace" kawai, shi da fasinjansa sai su kwana a hanya. To, irin wannan sani na ke nufi, ba fiye da shi ba.

Yadda A Ke Gina Shafi

Kafin mu buɗe akwatin, ya kamata mu san abin da za mu tarar. Mutane da yawa suna tsammani shafi wani hoto ne da a ke hasko mana daga nesa, kamar majigi. Ba haka ba ne. Sa'ad da ka rubuta adireshi, burauzarka ta kan aika roƙo zuwa wata kwamfuta mai nisa wadda a ke kira saba. Saba sai ta aiko da fayiloli, galibinsu rubutu ne zalla, umarni ne na yadda za a yi gini. Burauzarka ce ke karanta umarnin, ta gina shafin nan a gabanka cikin ƙiftawar ido.

Umarnin iri uku ne. Na fari sunansa HTML, shi ne tubali da azara: shi ke cewa nan kan magana ne, nan hoto, nan gurbin rubuta suna. Na biyu CSS, shi ne yaɓe da farar ƙasa da zane: launi, girman harafi, da tazarar da ke tsakanin abubuwa. Na uku JavaScript, shi ne mai sa motsi, kamar famfo da lantarki a gida: ka taɓa maɓalli, wani abu ya faru.

Wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya tsara wannan hanya a 1989, sa'ad da ya ke aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da Jeniba ta ƙasar Suwizalan. A 1993 cibiyar ta sakar wa duniya fasahar kyauta. JavaScript ya fito a 1995, CSS kuwa aka tabbatar da ƙa'idarsa ta fari a 1996. Tun farkon al'amarin ko wane mai karatu yana iya ganin rubutun da aka gina shafi da shi, kuma magina da yawa ta haka su ka koyi sana'ar, watau ta leƙa aikin waɗanda su ka riga su. A 2006 wani mai suna Joe Hewitt ya fito da Firebug, kayan bincike da a ke ɗora wa Firefox. Daga baya masu burauza su ka gina irinsa cikin burauzar kanta, har aka sallami Firebug a 2017 domin an daina bukatarsa.

Ga abin da na ke so mai karatu ya riƙe daga wannan sashe, gama dukan sauran bayanin a kansa ya ke tsaye: shafin da ka ke gani kwafi ne da ke cikin kwamfutarka. Na ainihin yana can wurin saba. Sabo da haka kana iya duba cikin kwafinka, kana iya sāke shi yadda ka ga dama, amma sākewar ba ta kai wa saba, ba kuwa wanda zai gan ta sai mai kallon allonka.

Yadda A Ke Buɗe Akwatin

Hanya mafi sauƙi ita ce ka danna F12, can a jerin maɓallan sama. Ko kuwa ka haɗa Ctrl da Shift da I. Ko ka kai linzami kan wani abu a shafin, ka danna gefen dama, ka zaɓi kalmar Inspect a ƙasan jerin. A kwamfutar Apple a kan haɗa Command da Option da I, amma a Safari sai an fara kunna kayan daga wurin saiti. Burauzar waya ba ta nuna akwatin a fili, sabo da haka a kwamfuta za ka koya.

Da ka buɗe za ka ga allon ya rabu biyu, gefe ɗaya shafin, gefe ɗaya rubutu birjik. Kada ya tsorata ka. A samansa akwai sunayen ɗakuna, kuma uku daga cikinsu sun ishe mu. Elements shi ne ɗakin gini, inda a ke ganin tubalin shafin. A Firefox sunansa Inspector. Network kamar littafin masinja ya ke, ko wace wasiƙa da ta fita da wadda ta shigo an rubuta ta, da nauyinta, da lokacin da ta ci a hanya. Console kuwa kamar logbuk na hedimasta ya ke, nan burauza ta ke rubuta abin da ya faru, kuskure da jan tawada.

Amfani Na Fari: Faɗin Ciwo Daidai

Malamin asibiti ya kan sha wahala da majinyacin da ya ce "jikina duka ke ciwo." Haka injiniya ya ke sha da ma'aikacin da ya buga waya ya ce "shafin ba ya yi." Ka buɗe ɗakin Network, sa'an nan ka sabunta shafin da F5, za ka ga jerin fayiloli na shigowa, ko wane da lamba a gefensa. Lambar nan ita ce amsar saba.

200 na nufin lafiya lau, an kawo abin da ka roƙa. 404 na nufin an duba ba a sami abin ba, ko adireshin ya karkace ko an kawar da shafin. 403 na nufin abin yana nan amma ba ka da izinin ganinsa. 500 na nufin saba ce ta yi tuntuɓe a cikin aikinta. 503 kuwa, ko jama'a sun yi mata yawa, ko ana gyara. In layin ya yi ja babu lamba ko ɗaya, galibi roƙon bai kai ba sam, sai ka fara zargin layin da ke ofishinka. A taƙaice, lamba mai farawa da 4 tana nuni ga roƙon da ya fita daga wajenmu, mai farawa da 5 tana nuni ga wajensu.

Ku duba abin da wannan ɗan sani zai tsare. Ranar ƙarshe ta rajista, uba ya zo daga ƙauye, shafi ya ƙi. In akawu ya ga 503, ya san sayen sabon data ba zai yi magani ba, zuwa wani shago ma ba zai yi ba, sai haƙuri ko a dawo da sassafe kafin cunkoso. Ya kuma san kada a yi ta danna maɓallin biya sau biyu sau uku kafin a duba ko kuɗin farko ya fita. In kuwa zai kai ƙara, sai ya rubuta: "Yau da ƙarfe 10 da minti 20, na danna maɓallin aikawa a shafi kaza, amsa ta zo 500, ga hoton jan rubutun da ke Console." Injiniyan da ya sami irin wannan takarda ya sami rabin aikinsa a gama.

Akwai kuma wata ƙaramar cuta mai saurin magani. Burauza ta kan ajiye tsofaffin fayiloli domin kada ta riƙa sauko da su kullum. Wani lokaci an gyara shafi can, amma kai tsohon ka ke gani. Haɗa Ctrl da Shift da R ya kan tilasta mata ta ɗauko sabo.

Amfani Na Biyu: Gane Takardar Jabu

Wannan shi ne ya fi damuna, gama a nan a ke asarar kuɗi da mutunci. Na ce kana iya sāke kwafinka. Ka gwada a wani shafin labarai: ka danna gefen dama a kan babban kan magana, ka zaɓi Inspect, ka danna sau biyu a kan rubutun da aka haskaka, ka rubuta sunan garinku. Nan take shafin zai nuna shi, da irin harafin jaridar, da launinta, da adireshinta na gaskiya a sama. Ko minti ɗaya ba za ka ci ba. Ka danna F5, sai kome ya koma yadda ya ke.

To, abin da ka yi domin koyo, shi wani ya ke yi domin cuta. Da haka a ke mai da naira 5,000 ta zama 50,000 a shafin banki, a ɗauki hotonsa, a nuna wa ma'aji a ce an biya. Da haka a ke mai da F9 ta zama A1 a sakamakon jarrabawa. Da haka a ke sa wa wani babban mutum maganar da bai taɓa faɗi ba, a watsa ta a WhatsApp, gari ya ɗauki zafi. Akwai wata zamba da ta yi suna a ƙasashen waje: ɓarawo ya kira mutum ya ce za a mayar masa da wasu kuɗi, ya lallashe shi ya ba shi ikon sarrafa kwamfutarsa daga nesa, ya sāke lambar da ke shafin bankinsa ta nuna kamar an zuba masa fiye da kima, sa'an nan ya roƙe shi ya mayar da rarar. Mutumin sai ya aika kuɗinsa na gaske a madadin kuɗin da ba su taɓa shiga ba.

Mun saba cewa gani ya kori ji. A nan kam gani ma sai an bincike shi. Wanda ya taɓa sāke shafi da hannunsa ba zai ƙara karɓar hoton allo a matsayin shaida ba. Ƙa'idar ita ce: ma'aji ya duba asusun makaranta da kansa, a na'urarsa, ya ga kuɗin sun zauna. Mai ɗaukar ɗalibai ya shiga shafin hukumar jarrabawa da kansa, WAEC ce ko NECO, ya sa lambar ɗalibin ya gani. In kuwa a kwamfutar wani a ke nuna maka abu, ka ce a sabunta shafin a gabanka. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Amfani Na Uku: Tausayin Mai Ƙaramin Data

Yawancin makarantu yanzu suna da shafinsu, kuma galibi wani malami ko akawu ne a ke ba aikin ɗora sanarwa da hotuna. Shi yana ofis, da babbar kwamfuta da layi mai ƙarfi, kome na buɗe masa garau. Iyayen yara kuwa da ƙaramar waya su ke dubawa, da data na naira ɗari biyu, a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa.

A ƙasan ɗakin Network akwai jimlar nauyin abin da aka sauko da shi. A ce an ɗora hoton ranar wasanni kai tsaye daga kyamara, nauyinsa megabayit 4. In iyaye 500 su ka buɗe shafin, an ƙone megabayit 2,000 ke nan a kan hoto ɗaya, alhali in an rage shi kafin a ɗora, kashi ɗaya cikin ashirin na wannan nauyi ya isa, ido kuma ba zai ga bambanci a waya ba. Wanda bai buɗe akwatin ba, ba zai san yana yi wa talakawa wannan ɓarna ba.

Har wa yau, akwatin yana iya mai da allon kwamfuta kamar na waya. In yana buɗe ka haɗa Ctrl da Shift da M. Yana kuma iya rage gudun layi da gangan, ya zama kamar na 3G mai rauni. Ka yi haka ka zauna ka ƙirga daƙiƙoƙin da sanarwarka ta ke ci kafin ta fito. Sa'an nan za ka ɗanɗana abin da uban yaro ya ke ji a ƙauye.

Amfani Na Huɗu: Haruffanmu da Makafinmu

Mu masu rubutun Hausa muna da wata damuwa tamu ta daban, watau haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ wanda 'yan'uwanmu na Nijar su ke rubutawa. Ba ado ba ne. Kura daban, ƙura daban. Kafa daban, ƙafa daban. Lokacin da na je koyon koyarwa a wata makaranta, na tarar da sanarwar Hausa a shafinsu, ko wane ƙ ya rikiɗe ya zama Æ™. Malamai sun ɗauka kwamfutar ce ba ta jin Hausa, har sun yanke shawarar su riƙa rubuta k kawai.

Cutar iri biyu ce, kuma akwatin ya kan bambanta su. In harafin ya zama tarkace irin na sama, burauza ce ta karanta rubutun da mabuɗin da ba nasa ba. Sai ka duba can saman ɗakin gini ko an rubuta utf-8, gama shi ne tsarin da ya ƙunshi haruffan harsunan duniya. In kuwa harafin ya fito amma siffarsa ta bambanta da ta 'yan'uwansa, ko ya zama ɗan akwati fanko, to irin harafin da aka zaɓa wa shafin ne ba shi da namu. A Chrome, ƙarƙashin sashen Computed, a kan nuna sunan irin harafin da aka yi amfani da shi. A wannan makaranta ciwo na fari ne, kuma da aka gaya wa mai kula da shafin sunan ciwon, bai daɗe ba ya gyara. Yana da kyau kuma a duba ko an sa alamar ha a farkon shafin, ita ce ke shaida wa na'ura cewa rubutun Hausa ne.

Sai makafi. Suna da manhajar da ke karanta musu shafi da murya, amma ba ta ganin hoto, sai in an rubuta masa ɗan bayani a gurbin da a ke kira alt. Ka danna Inspect a kan hoto za ka ga ko gurbin fanko ne. In jadawalin jarrabawa hoto ne kawai aka ɗora, babu bayani, ɗalibi makaho ya tashi a tutar babu. Haka kuma masu raunin gani: ƙa'idar ƙungiyar W3C, mai tsara dokokin gina shafi, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bangonsa kada ya gaza 4.5 bisa 1. Chrome na da wani sashe mai suna Lighthouse wanda ke duba irin waɗannan ya ba shafi maki bisa 100, kamar yadda mu ke yi wa yara.

Amfani Na Biyar: Tsare Asirin Mutane

Ga labarin da ya shafi malamai kai tsaye. A watan Oktoba na 2021, a jihar Misuri ta Amurka, wani ɗan jarida mai suna Josh Renaud na jaridar St. Louis Post-Dispatch yana duba shafin ma'aikatar ilmi ta jihar, inda jama'a ke bincika takardun shaidar malamai. Sai ya gano cewa lambobin sirri na ɗan ƙasa na malamai da ma'aikatan makaranta fiye da 100,000 suna cikin haɗari. Ba a ganinsu a fuskar shafin, amma suna cikin rubutun da saba ta ke aiko wa burauzar duk wanda ya nemi sunan malami. Jaridar ta sanar da ma'aikatar, ta kuma jinkirta buga labarin har aka rufe ɓarakar. Duk da haka Gwamna Mike Parson ya kira abin kutse, ya sa a yi bincike. A watan Fabrairu na 2022 mai gabatar da ƙara ya ce ba zai kai ɗan jaridar kotu ba.

Darasi biyu na gani a nan. Na ɗaya, abin da ba ya fuskar shafi ba lalle ne ya ɓuya ba. In an aiko shi cikin kwamfutar mutum, to an ba shi. Na biyu, shugaba ma yana bukatar wannan sani, domin ya bambanta mai fasa ƙofa da mai karanta wasiƙar da aka miƙa masa. Da yawa cikinmu za su zama hedimastoci, kuma sunayen yara, da makinsu, da lambobin iyayensu amana ce a hannunmu. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe irin waɗannan nauyin tsare su.

Wani abu kuma na kusa. In ka bar burauza ta ajiye kalmar sirrinka, ta kan cika gurbin da ɗige-ɗige, kai kuwa ka ɗauka ta ɓuya. Wanda ya san akwatin nan, kalma ɗaya zai sāke cikin ɗakin gini, ɗige-ɗigen su koma haruffa. Sabo da haka kada ka ajiye kalmar sirri a kwamfutar da jama'a ke amfani da ita, in kuma za ka tashi daga tebur, ko na minti biyu ne, ka kulle allon da maɓallin Windows da L.

Hattara

Wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka yatsa. Abu uku na ke gargaɗi a kansu.

Na fari, kada ka taɓa manna wani rubutu cikin Console domin wani ya ce zai ba ka data kyauta, ko zai nuna maka masu leƙa shafinka. Abin da ka manna a nan yana aiki ne da sunanka, kamar ka sa hannu a farar takarda ka miƙa wa baƙo. Domin haka Facebook ke rubuta babban gargaɗi da ja a wannan ɗaki, Chrome da Firefox kuma su kan hana mannawa sai ka rubuta da hannunka cewa ka yarda.

Na biyu, injiniya ya kan roƙi a aiko masa da kwafin littafin masinja duka, watau fayil da a ke kira HAR. Fayil ɗin yana iya ƙunsar alamar da saba ta ke gane ka da ita bayan ka shiga. A 2023 ɓarayi su ka shiga ma'ajiyar taimakon abokan ciniki ta kamfanin Okta a Amurka, su ka kwashe irin waɗannan fayiloli, su ka yi amfani da alamun da ke ciki. Kada ka aika shi sai ga wanda ofishinku ya sani, ta hanyar da ofishin ya yarda da ita.

Na uku, duba abin da aka aiko maka daban ne da neman abin da ba a aiko maka ba. Sāke lamba a adireshi domin ka ga makin wani, ko shiga da sunan wani, wannan haura katanga ne, kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta hana shiga kwamfuta ba da izini ba. In ka yi tuntuɓe da wata ɓaraka, ka tsaya nan, ka rubuta wa shugabanka. In kuma ofishinku ya kulle akwatin da gangan, kada ka nemi hanyar zagayewa, ka nemi izini.

Masu Cewa Ba Aikinmu Ba Ne

Na san wani zai ce, "Ni malamin Tarihi ne, ina ruwana da aikin injiniya?" Amsa ita ce, mu ma ba likitoci ba ne, amma ko wace makaranta tana da akwatin taimakon farko, kuma a kan koya mana ɗaure rauni kafin a kai yaro asibiti. Wani zai ce yana tsoron ya lalata shafin makaranta. Sāke rubutu ko launi a ɗakin gini ba ya taɓa na ainihi, F5 ta share shi kamar yadda dasta ke share allo. Wani kuma zai ce Turancin ya yi yawa. Gaskiya ne, amma kalmomin da ka ke bukata ba su kai ashirin ba, mu kuwa da mu ka haddace sassan fure da sunayen ƙasusuwa ba za su gagare mu ba.

Ga shawarata ga mai son farawa, minti goma sha biyar a rana. Litinin, ka buɗe akwatin ka rufe ta hanyoyin nan uku har hannunka ya saba. Talata, ka sāke kan maganar wani shafi, ka sabunta, ka ga ya dawo. Laraba, ka zauna a ɗakin Network ka nemo 200, sa'an nan ka ɓata adireshi da gangan ka ga 404. Alhamis, ka mai da allon na waya, ka rage gudun layi, ka buɗe shafin da ka fi amfani da shi. Jumma'a, ka zaunar da abokinka ka koya masa duka huɗun, gama mun sani daga darasin dabarun koyarwa cewa abin da ka koya wa wani shi ke zauna maka.

Yaran da za mu tarar a aji, da waya a hannu aka haife su, wasunsu kuma sun riga sun san F12 tun kafin mu. Cikinsu akwai wanda zai kawo wa malami hoton sakamakon jabu, akwai kuma wanda leƙa cikin shafi zai zame masa mafarin sana'a. Malamin da ya san akwatin shi zai iya kama na farin, ya kuma nuna wa na biyun hanya. Sabo da haka ina roƙon 'yan'uwa, duk wanda ya shiga ɗakin kwamfuta a makon nan, kafin ya tashi ya danna F12 ya duba.